Kawu da Jaridar Ingila a Guangzhou

Ina dawowa daga sallar asuba na tarar da mota a ƙofar gidana, Kawu yana ciki har ya ɗaura bel. Jirginmu sai da rana zai tashi, amma ya ce shi tunda yake bai taɓa bin jirgi da gudu ba, jirgi ne yake zuwa ya same shi a zaune. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a ofishin tasha ya yi aiki har ya yi ritaya, don haka ban ja da shi ba. Muka isa filin jirgin Kano masu shara ba su gama ba, muka zauna muna kallon juna har rana ta take.

Ku da kuke bibiyata kun san ni da Guangzhou ba baƙin juna ba ne, can nake saro abaya da hijabai na kawo kasuwar Kwari. Abin da ya bambanta wannan tafiyar shi ne kayan ba nawa ba ne. 'Yar Kawu ta fari, taubashiyata, tana aure a Ingila, ta buɗe ɗan shagon kayan mata a wata unguwa da Musulmi suke da yawa. Da a hannun dillalan can take saye, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Bana ta ce a ɗinka mata nata kai tsaye daga China, su isa kafin azumi ya yi nisa, don cinikin Sallah shi ne yake riƙe shagon duk shekara. Kawu ya sayar da filinsa ya zuba mata jari, ya kuma ce ƙafarsa ƙafata, sai ya taɓa yadin da hannunsa. Tun a gida na gaya masa inda matsalar take. Masana'antun China suna rufewa hutun sabuwar shekararsu, ma'aikata su watse ƙauyuka. Wanda bai ba da oda da wuri ba sai bayan hutu, bayan hutu kuwa kaya za su isa Ingila an riga an sauko daga idi.

Har Addis Ababa lafiya lau muka je, in ban da ƙorafin da ya yi ta yi kan shinkafar jirgi, wai an dafa ta ne don marasa haƙori. A can muka sauka jiran jirgi na biyu. Ni da hannuna na haɗa masa wayarsa da intanet ɗin filin jirgin, kuma har yau ina jin haushin kaina. Saƙonni suka fara shigowa daga guruf ɗin dangi. Wani ɗan uwanmu, wanda ba shi da aikin yi sai tura abin da aka turo masa, ya sa hoton shafin farko na wata jaridar Ingila. An yanke saman hoton, sunan jaridar bai fito ba, sai ɗan jan layi kawai ake gani. Ga hoton mace cikin baƙar abaya da niƙabi, ga manyan baƙaƙe sun cinye rabin shafin suna cewa a haramta. A ƙasa ɗan uwan namu ya ƙara nasa da Hausa, wai Ingila ta hana shigar Musulunci, kowa ya kira nasa.

Kawu ya sa tabarau ya karanta, ya cire ya goge, ya sake karantawa. Turancinsa ya fi nawa, na makarantar da ne. Na ce masa jaridar kira take yi a haramta, ba cewa ta yi an haramta ba.

"Kai yaro ne," ya ce. "Jarida ba ta fitar da magana sai an gama ta a sama. Mu a tasha, idan za a ƙara kuɗin tikiti ko a sauya shugaba, a jaridar gwamnati muke fara gani kafin takarda ta iso daga hedikwata. Balle Ingila, mutanen da ba sa wasa da rubutu."

Daga nan har muka sauka China bai ƙara cin komai ba.

Guangzhou ta tare mu da sanyi mai laima, irin wanda yake shiga ta ƙasan riga. Hanyar filin jirgi zuwa gari tana nan yadda na san ta, shimfiɗaɗɗiya, gada kan gada, furanni a tsakiya kamar ba mota ce take bi ba. Kuɗin tasi dai ya tashi a kan na bara, ko kuma nairarmu ce ta sake zama ƙasa, ban tsaya tantancewa ba. Muka sauka a masaukin da na saba a kan Huanshi Lu, kusa da Xiaobei, inda idan ka rufe ido ka saurari hayaniyar bakin lif sai ka rantse kana Kano. Ga mutanen Kwari, ga na Wambai, ga 'yan Maraɗi suna cakuɗa Hausa da Faransanci, ga Yarabawa da 'yan Mali kowa da katon a ka. Abin da za ka kiyaye a bakin titi shi ne baburan lantarki. Ba su da ƙara ko kaɗan, sai dai ka ji iska ta wuce ta gefen kunnenka. Sau biyu ina fizgo Kawu daga gabansu, don idonsa yana kan waya yana ƙara girman hoton nan da yatsu.

Na kai shi shagon Musulmin China masu jan taliya da hannu, na ce ko romo mai zafi zai dawo masa da hankali. Aka kawo mana ruwan zafi a kofi, ya tambaya ina ganyen shayin, na ce haka suke shan ruwansu. Aka kawo tsinkayen cin abinci, ya juya su, ya ajiye, ya ce a ba shi cokali. Taliyar ta yi daɗi, naman saniya yanka siriri da albasa mai lawashi, kuma ita kaɗai ce ban ga ta ƙara tsada sosai ba. Kawu ya sha romon ya bar taliyar. Da za mu biya ya zaro takardar kuɗi, mai shagon ya yi ta neman canji a aljihun rigarsa, don yanzu kowa da waya yake biya, har mai sayar da dankali a bakin hanya.

Washegari muka nufi kasuwar Canaan a Sanyuanli. Matar da nake hulɗa da ita tana da shago a can, masana'antarta kuma tana bayan gari. Lawban muke ce mata, wato shugaba, haka ake kiran duk mai shago. Ta iya "sannu Alhaji" da "babu ragi", sauran kuma da kalkuleta da manhajar fassara ake yi. Ta fito mana da samfur, abaya baƙa wuluk, yadi mai nauyi da ba ya yamutsewa a akwati, ɗinki tsaf. Na duba bakin hannu, na ja zip, na ɗaga yadin a fitila, ban ga abin kushewa ba. Muka yi ciniki ya faɗa. Ta nuna mana kalandar bango, ta zagaye wani wuri da biro, ta ce telolinta sun fara tafiya gida, idan muna so a gama kafin hutu to yau za a yanka yadi. Na juya wajen Kawu na ce bismillah.

"Ba zan ba da oda ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Ba zan zuba filina a kayan da za a ƙwace a bakin ruwa ba. Kuma ba kayan ne ma a gabana ba. Yarinyar nan ta rufe shagon, ta tattaro 'ya'yanta ta dawo gida kafin abin ya kai ga kamu."

Jama'a, raina ya ɓaci. Mun keto rabin duniya, na bar shagona a hannun yara, ga kaya a gabanmu, ga farashin da ko ni ban taɓa samu ba, sai hoton da ba a ma san ranar da aka buga shi ba ya tsaya mana a wuya. Lawban tana kallon bakina tana kallon nasa. Na rubuta mata a waya cewa tsohon ba ya jin daɗi, za mu dawo. Ta yi murmushin da na san ma'anarsa, ta mayar da samfur cikin leda.

Za ku ce ai abin mai sauƙi ne, a buɗe intanet a duba. To a China ne muke. Rabin shafukan duniya ba sa buɗuwa sai ka bi ta wata manhaja mai tsallake katanga, tawa kuma ta zaɓi wannan makon ta mutu. Sai ta yi ta juyawa, ta kawo rabin shafi, ta ɗauke. Da ƙyar na tura wa taubashiyata saƙo. Amsarta gajeriya ce: babu wata doka, tana shago ma a lokacin, don Allah a ba da oda. Na kai wa Kawu har gado na nuna masa. Ya ce me nake so ta ce? 'Ya ta gari ba ta gaya wa ubanta tana cikin wahala. Na ce to ga waya, ya kira ta ya ji muryarta da kunnensa. Ya kalle ni kamar na zage shi. Kawu mutumin da ne, yana kunyar 'yar fari. Bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa. Idan ta kira gaisuwa, daga "lafiya lau" sai ya miƙa wa mahaifiyarta wayar. Mutumin da ya sayar da fili saboda ita, amma ba zai iya tambayarta ko tana cikin tsoro ba.

Abin da ya yanke shi ne sai ya ga jaridar Ingila ta gaske, takarda a hannu, ya karanta daga farko har ƙarshe. Wani ɗan Kwari a masaukinmu ya ce a gwada manyan otal na Tianhe, inda Turawa suke sauka. Haka muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Nan ne kawai na ga fuskar Kawu ta saki. Ya tsaya yana duba agogonsa yana duba allo, jirgi ya iso daidai, ya girgiza kai ya ce da haka aka bar su suka yi aiki da yanzu wani zancen ake. Wata yarinya ta tashi ta ba shi kujera, ya ce mata "shiye shiye", godiyar da ya koya ke nan, ya zauna yana ta yaba tarbiyyarta.

Tianhe kuwa wata duniya ce. Gine-ginen gilashi har wuyanka ya gaji, kantunan waya da kwamfuta hawa kan hawa, matasa kowa da kofin shayi mai sanyi a hannu cikin wannan hunturun. Farashin can ba na ɗan kasuwa ba ne. Kofin shayi ɗaya a harabar otal ya kusa kuɗin abincinmu na yini a Xiaobei, na sha shi ina jin zafinsa a aljihu. Muka shiga otal na farko, muka tambaya, aka ce "meyo", wato babu. Na biyu meyo. Wani katafaren kantin littattafai, meyo. Ƙafafuna suka yi tsami, ga Kawu yana gaba ina biye kamar ni ne baƙon. A ƙarshe wani ma'aikacin otal ya tausaya mana ya kawo jarida da Turanci, sai ga shi ta China ce. Kawu ya zauna ya karance ta tas. Ya tambayi ma'aikacin ta wa ce, ya ce ta hukuma ce.

"Ka ji ko?" Kawu ya ce da ni, yana naɗe ta. "Ƙasa duk da ta san abin da take yi, jaridarta bakin gwamnati ce. Nan haka, can ma haka."

Wato wahalar da muka sha ta yini guda ƙara masa hujja ta yi. A jirgin komawa masauki saura kaɗan na faɗa masa abin da ba a faɗa wa ƙanin uwa.

Kwanaki suka ja. Lawban tana turo mini hoton teloli suna ɗaure jakunkuna. Ni kuma na ci gaba da sayen nawa kayan, Kawu yana biye da ni yana taɓa yadi yana ajiyar zuciya. Ranar da na je ofishin da nake ba da kago, wato kayan da za a tura ƙasar waje, a wani bene a kan Huanshi Lu, na tafi da shi don kar na bar shi shi kaɗai da wayarsa. Mai kamfanin wata Hajiya ce 'yar Kumasi, ta daɗe a harkar, yaranta suna ta naɗe katon da salatif suna ɗorawa a sikeli. Ita ce za ta tura kayan Ingila da an yi su. Ta tambaye ni ina kayan ƙanwata ta Ingila, na ce ta tambayi Kawu. Ya miƙa mata waya. Ta kalli hoton, ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Baba, ka zauna ka sha ruwa tukuna. Wannan ai tsohuwar sana'ata ce. Kafin na zo China ni da maigidana shagon kan kwana muke da shi a Ingila, da hannuna nake jera jaridun nan kowace safiya. Kafin mutum ya ƙaraso kanta na san wadda zai ɗauka."

Ta ce jaridar Ingila ba ɗaya ba ce, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai irin wannan masu jan kai, ƙanana, hoto ya fi rubutu yawa. Leburan gini zai shigo da fenti a wando, ya ɗauki ɗaya, ya juya ta baya wajen ƙwallo tun kafin ya biya. Cikinsu daga wane ɗan wasa ya saki matarsa sai wane minista aka kama, kuma babban kanun labari shi ne jarinsu, don sai an tsorata mutum ko an ba shi haushi yake sa hannu a aljihu. Akwai manya masu dogon rubutu, na lauyoyi da malaman makaranta, waɗanda mutum zai yini bai gama ba. A cikinsu har da wata mai launin ruwan hoda da ba ta zancen komai sai kuɗi, masu kwat ne suke saye. Sai na tsakiya, waɗanda ta ce sun fi ba ta haushi, don suna shiga irin ta mutunci amma kullum suna gaya wa tsofaffi cewa baƙi sun cika ƙasa kuma komai ya lalace. Ta ce akwai wata tsohuwa mai kare da take saya kullum, ta karanta kanun a gabanta, ta ɗago ta kalli mayafinta, sannan ta ce mata na gode.

"To wacce ce ta gwamnati a ciki?" Kawu ya tambaya.

"Babu ko ɗaya, Baba."

"To wa yake ba su izinin abin da za su rubuta?"

"Mai ita."

Nan ta shiga zancen masu su, ni kaina na ƙaru. Ta ce yawancinsu a hannun wasu 'yan tsirarun attajirai suke. Akwai wani tsoho da ba ma a Ingila aka haife shi ba, ba kuma can yake zaune ba, yana da babba mai mutunci yana da mai jan kai, yana magana da masu kwat ta nan yana magana da leburori ta can. Akwai gidan da suka gaji tasu tun kakanni tare da sarauta. Mai ruwan hodar nan ma wani kamfanin Japan ne ya saye ta. Guda ɗaya ta sani da ba ta da uban gida, amintattu ne suke riƙe da ita, ita ma kuma kowa ya san inda ta karkata. Mafi yawa suna bayan masu ra'ayin mazan jiya, kaɗan suna bayan masu kare ma'aikata, kuma ba a ɓoye ake yi ba. Idan zaɓe ya zo, a shafin farko jarida za ta ce ga wanda za ku zaɓa. Rediyo da talabijin ne doka ta tilasta wa jin kowane ɓangare, jarida kuwa ra'ayinta nata ne. Ta ce 'yan siyasa ne suke bin masu jaridun suna lallashi, don wanda suka sa a gaba sai ya yi da gaske zai kai labari.

Ta mayar masa da wayar. Ta ce an yanke sunan, ba za ta ɗora wa kowa ba, kuma hoton zai iya zama na shekarun baya, don irin wannan kiran yana tasowa duk sanda aka doshi zaɓe. Doka dai a majalisa ake yin ta, kuma babu irin wannan dokar. Ko a kwanan nan ta tura abaya Ingila an sauke lafiya.

Wallahi ji na yi kamar na tashi na taka rawa a kan sikelin. Na gyara zama ina kallon Kawu, ina jiran ya ce to shi ke nan. Ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa.

"Hajiya, a shagon nan naku, wacce take fara ƙarewa?"

Ta ce, "Irin wannan, da na tsakiyar."

"Kullum?"

"Kullum. Kafin hantsi babu."

"To na ji, ba gwamnati ba ce ta rubuta. Da gwamnati ce ma da sauƙi, gwamnati tana da ofis, ana zuwa a kai kuka. Waɗannan da suke karantawa kowace safiya da shayinsu, da su yarinyar nan take shiga bas. Su ne a bayanta a layin asibiti."

Kawu ya sa hularsa ya miƙe, ya ce mu je wajen matar nan mai abaya tun ba ta rufe ba.

Kar ku ɗauka haushina ya ƙare a nan. Muka isa Canaan, rabin shagunan layin sun ja ƙofa. Lawban ta buga waya masana'anta, ta daɗe tana faɗa da wani, ta dawo ta ce telolin da suka rage rabin odar kawai za su iya. Rabi. Na haɗiye na ce mun gode. Sai Kawu ya jawo littafin launuka ya ce a rage baƙi, a yi ruwan toka da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu. Na ce Kawu, shekara nawa ina wannan sana'ar, baƙi shi ne yake tafiya, taubashiyata mai shagon ma baƙi ta ce. Ya ce baƙi ne a hoton, ba ya so a riƙa hango masu sawa daga nesa. Na yi magiya, na kawo misalin Kwari, har Lawban ta sa baki da kalkuletarta tana nuna baƙin ya fi sauƙi. Da ƙyar ya bar kaɗan a baƙi. Kuɗinsa ne, ya sa hannu, na sa nawa a matsayin shaida ina huci.

Ranar da za mu taho na kai shi wani ɗakin abinci a saman bene a Xiaobei, ya ci tuwo da miyar kuka, cin farko da na ga ya yi da gaske tun Addis. Ya saya wa jikokinsa na Ingila rigunan sanyi, ya ba Hajiya ta haɗa da kayan, bai yarda an rubuta daga wa suke ba. A jirgi ya yi barcinsa har da minshari, ni kuma na kasa, ina ta tunanin yadda zan gaya wa taubashiyata cewa rabin kaya za ta samu, kuma ba kalar da ta ce ba.

Mun sauka Kano lafiya, zafin gida ya tare mu tun daga matakalar jirgi, na ji daɗinsa. Bayan na huta na kira taubashiyata. Na zata za ta yi faɗa. Ta yi mini tsiya dai son ranta, wai an aiki ƙato da gemu ya kasa riƙe tsoho ɗaya, ta ce za ta san yadda za ta yi da ruwan tokar, Sallar bana dai sai a hankali. Na ba ta labarin Tianhe tana ta dariya. Da na zo kan abin da Kawu ya faɗa a ofishin Hajiya sai dariyar ta tsaya. Na ce wai ke kina ma ganin jaridun nan kuwa?

"Kullum. Shagon da yake jikin nawa su yake sayarwa. Wani dattijon Bature ne. Ranar da irin wannan ta fito, yana hango ni zai kife ta a kan kanta, sai ya hau yi mini zancen ruwan sama."

Na ce me ya hana ki taɓa faɗa?

"In faɗa wa wa? Kai dai kar ka gaya wa Baba."

Abin da na taho da shi daga wannan tafiyar ba shi da yawa. Idan za ku China sayayya ku je tun kafin hutunsu ya matso, ku gyara manhajarku tun daga gida, kuma kar ku haɗa wa tsoho intanet a Addis. Idan an turo muku shafin jaridar Ingila, ku tambaya wacce ce, wa yake da ita, wa yake so a zaɓa, kafin ku tayar wa mutane da hankali. Wannan hoton ɗaya ya cinye wa baiwar Allah rabin cinikin shekararta, kuma har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci. Na yi gaskiya da na ce babu doka. Amma ni tambayar doka kawai na yi ta yi tun daga Addis har Canaan, Kawu ne ya tambayi su wa suke karantawa.

Ba ya bibiyata a nan, ku kuma da kuka san shi ku riƙe bakinku. Jiya ya zo shago ya zauna, ya sha ruwa, ya yi ta zancen jirgin ƙarƙashin ƙasa. Sai da ya tashi tafiya, yana neman takalminsa, ya tambaye ni ko na yi waya da yarinyar nan. Na ce na yi. Ya ce tana lafiya? Na ce lafiya lau take.